Wuni Ɗaya a Birnin Fas da Motar Haya da Ɗan Jagora

Daga Kasablanka zuwa Fas tafiyar kusan kilomita 300 ce, kuma duk wanda ya ƙudiri aniyar zuwa ya dawo a rana ɗaya sai ya fara cire wa hanya haƙƙinta na awa bakwai ko kusa da haka, sannan ya lissafa abin da ya rage masa na ganin gari. Harkar kasuwanci ce ta kai mu Maroko ni da baffana, ƙanin mahaifina, kuma da muka samu rana guda da babu aiki a cikinta, dattijon ya ce ba zai taka ƙasar ya koma gida bai ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ba. Akwai jirgin ƙasa da ke zuwa Fas, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba, akwai kuma motocin da ke kwasar 'yan yawon buɗe ido ayari guda. Mun bar duka biyun saboda Baffa yana fama da ciwon gwiwa, tashar jirgin kuma tana sabon gari, da ɗan rata tsakaninta da tsohon birni, ayarin baƙi kuwa ba ya jiran mai jan ƙafa, balle ya tsaya wa mai son yin salla a kan lokaci. Saboda haka muka nemi irin kamfanonin nan da ke ba mutum mota da direba shi kaɗai, su ɗauke shi daga masaukinsa, su haɗa shi da ɗan jagora a can, su kuma mayar da shi da daddare.

Cinikin ta WhatsApp aka yi shi, kuma a nan ne na fahimci abin da ake saya a irin wannan tafiya. Jerin wuraren da suka turo mini an tsara shi ne domin Turawa, wato ƙofar fadar sarki, unguwar Yahudawa, wurin masu ginin tukwane, majema, sai gidan abinci. Masallacin Ƙarawiyyin yana ciki, amma a matsayin abin da za a leƙa daga bakin ƙofa, domin a Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga masallatai, in ban da 'yan kaɗan irin Masallacin Hassan II na Kasablanka. Zawiyar da ta sa muka yi niyyar tafiyar kuwa ko sunanta babu. Na rubuta musu cewa za mu yi Azahar a Ƙarawiyyin, za mu zauna a zawiya gwargwadon yadda Baffa yake so, ba ma kuma buƙatar a kai mu shagon kowa sai in mun nema. Na tambayi ko kuɗin da suka yanka ya haɗa da mai, da kuɗin da ake biya a shingayen babbar hanya, da ladan ɗan jagora. Suka ce ya haɗa, ban da abinci da kuɗin shiga wuraren tarihi. Na ba da kafin alƙalami, aka bar sauran sai an dawo. Sun kuma ba mu shawara mai amfani, cewa mu kauce wa Juma'a, domin yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke wuni ranar.

Direban ya zo jim kaɗan bayan Asuba. Babbar hanyar ta bi gaɓar teku zuwa Rabat, sannan ta karkata gabas, ta ratsa dajin Mamora mai itatuwan da ake ɓare ɓawonsu a yi murfin kwalba da shi, ta wuce Tiflet da Khemisset, ta gilma ta gefen Meknes. Watan Afrilu ne, gonakin alkama sun yi kore shar, ga garaken zaitun da inabi a jikin tuddai. Mun tsaya sau ɗaya a wani wurin hutawa na bakin hanya muka sha shayin na'ana'a, Baffa ya miƙe ƙafa. Direban mutum ne mai ƙarancin magana, kuma da na yi masa tambaya a kan tarihin Fas sai ya ce wannan aikin wani ne. A ƙasarsu jagorancin baƙi sana'a ce mai lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma 'yan sanda suna kama masu yin ta ba izini.

Ɗan jagoran yana jiranmu a kan tudun da ke kudu da birnin, wurin hasumiyar tsaro da ake kira Borj Sud, da katin shaidarsa rataye a wuya. Da ni yake Turancin Ingilishi, da Baffa kuwa Larabcin littafi, wanda dattijon ya koya a zaure, kuma tun daga gaisuwa ya sa masa suna Sidi Alhaji. Na ga hikimar farawa daga sama, domin da zarar mutum ya shiga cikin birnin ba zai sake ganin siffarsa ba. Daga nan Fas tana kwance a cikin kwari, gidaje masu launin ƙasa sun cushe ba masaka tsinke, hasumiyoyi sun tsittsiro daga cikinsu, a tsakiya kuma ga rufin koren tayil na Ƙarawiyyin da na hubbaren Maulaya Idris. Ya nuna mana inda kogin ya raba garin biyu, ya ce asali birane biyu ne: Idris na ɗaya ya kafa na farko a wajajen 789, ɗansa Idris na biyu ya kafa na biyu a ɗaya gaɓar a 809. Waɗanda aka koro daga Ƙurɗuba ta Andalus suka cika ɓangare ɗaya, waɗanda suka yi ƙaura daga Ƙairawan ta Tunisiya suka cika ɗayan, kowane da ganuwarsa da masallacinsa, har sai da Yusuf ibn Tashfin na daular Murabiɗai ya haɗe su a wajajen 1070. Ita kanta hasumiyar da muke tsaye a gindinta, ita da takwararta ta arewa, an gina su ne a zamanin Sarki Ahmad al-Mansur a ƙarshen ƙarni na 16, kuma bakin bindigoginsu yana iya kallon mutanen garin kamar yadda yake kallon abokan gaba. Wannan sarkin ne ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a 1591, abin da ɗan jagoran bai ambata ba sai da na tuna masa.

Ƙofar fadar sarki da unguwar Yahudawa, wadda ake kira Mellah, mun gan su a gurguje. Suna cikin Fas Jadid, sashen da sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, wanda har yau sunansa sabuwar Fas duk da ya haura shekara 700. Ƙyamaren fadar na tagulla ne da aka yi wa zane mai kyau, amma ba a shiga, kuma minti goma ya ishe su.

Mota ta ajiye mu a Bab Boujloud, ƙofar nan mai shuɗin tayil ta waje da koren tayil ta ciki, wadda baƙi ke ɗauka tsohuwa ce alhali Faransawa ne suka gina ta a 1913, shekara ɗaya bayan yarjejeniyar da ta sa Maroko a ƙarƙashinsu, ta kuma kai ga mayar da babban birni daga Fas zuwa Rabat. A nan ɗan jagoran ya yi abin da a ganina shi kaɗai ya isa ya halatta masa ladansa. Ya dubi sandar Baffa, ya ce wa direban kada ya jira mu a nan, ya zagaya ya tsaya a dandalin Rcif da ke can ƙasan kwarin. Tsohon birnin gangare ne tun daga wannan ƙofa har zuwa kogi, don haka wanda ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa bai hau tudu ba ko kaɗan, wanda kuwa ya bar motarsa a sama zai gane kurensa da yamma. Mota ba ta shiga ciki. Ana cewa lungunan sun kai 9,000, wasunsu mutum biyu ba sa iya gilmawa sai ɗaya ya karkace, kuma duk abin da ake ci ko ake gini da shi a ciki, daga tukunyar gas har buhun siminti, a bayan alfadari ko jaki ko a amalanken turawa yake shigowa. In ka ji an ce "balak" daga baya, sai ka manne da bango. Wanda ya san lungunan da ke kewaye da kasuwar Kurmi zai ga kama, sai dai a nan ginin hawa uku ne ko huɗu, kuma akwai wuraren da rana ba ta taɓa ƙasa.

Ba mu yi nisa a kan Talaa Kebira, babban titin da ke gangarawa, ba muka shiga makarantar Bou Inania, wadda Sarki Abu Inan ya gina tsakanin 1350 da 1355. Daga waje ba ta da wani kwarjini, amma da ka tsallake zaure ka faɗa tsakar gida sai ka rasa inda za ka ajiye ido. Ƙasan bango tayil ne da aka fasa ƙanana aka jera da hannu, sama da shi farar ƙasa ce da aka sassaƙa ta zama ganye da ayoyi, can sama kuma katakon al'ul ne daga duwatsun Atlas, ya yi baƙi saboda tsufa. Ɗakunan ɗalibai suna bene, ƙanana ƙwarai, wanda ke nuna cewa an kashe dukiyar ne a inda ake karatu da salla, ba inda ake kwana ba. Ɗan jagoran ya ba mu labarin da mutanen Fas ke bayarwa, cewa da aka kawo wa sarkin lissafin abin da ginin ya ci, sai ya jefa takardun a ruwa don kada a yi wa abu mai kyau maganar tsada. Baffa, wanda ya yi shekaru yana riƙe da littafin shago, ya ce da alama magina ne suka fi kowa jin daɗin wannan hukunci. A tsallaken titin akwai ragowar agogon ruwa na 1357, tagogi goma sha biyu a jere da katakan da a da suke riƙe da tasoshin tagulla. Ya daɗe da tsayawa.

Daga nan muka yi ta gangarawa ta cikin mahauta, inda aka rataye kan raƙumi a ƙofar shago don a san naman da ake sayarwa, muka wuce masu zaitun da dabino, da yaran da ke ɗauke da faifan ƙullun burodi zuwa gidan gashi na unguwa. Mun tsaya a Nejjarine, tsohon masaukin fatake na farkon ƙarni na 18 da aka mayar gidan tarihin sassaƙa, muka kuma shiga hubbaren Maulaya Idris na biyu, wanda mutanen garin ke ɗauka a matsayin uban birninsu. Lungunan da ke kaiwa gare shi an gitta musu katako daidai kan mutum, alamar cewa an shiga hurumi, dabba ba ta wucewa.

A tsakanin nan ne ɗan jagoran ya gwada abin da na yi tsammani. Ya ce akwai wani tsohon gida mai kyau da ya kamata mu gani, muka shiga, sai ga shi gidan dardumai ne, har an fara zuba shayi ana warware kaya a gabanmu. Gidan yana da kyau, ba ƙarya ya yi ba, amma na san in muka zauna awa guda ta tafi. Kafin in buɗe baki Baffa ya ce da shi, "Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka, amma mu ba darduma ta kawo mu ba, kuma an kusa kiran salla." Mutumin ya yi dariya, ya ɗora hannu a ƙirji, muka fita, bai kuma sake ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin la'adar da masu shago ke ba 'yan jagora wani ɓangare ne na abin da suke ci da iyali, kuma kowa ya san da ita. Sai dai ga wanda ya zo daga nisan kilomita 300 kuma zai koma a ranar, kowace awa da ya bari a shago daga cikin awa shida ko bakwai da yake da su a birnin aka cire ta, shi ya sa gara a faɗi magana tun a ciniki, a kuma maimaita ta cikin ladabi idan an manta.

Masallacin Ƙarawiyyin ba ya bayyana daga waje, domin shaguna da gidaje sun manne masa ta kowace fuska, sai dai ka ga wata ƙofa a buɗe ka hango fararen ginshiƙai sun jeru har inda ido ya ƙare. An fi buɗe shi a lokutan salla, kuma saboda haka ne muka daidaita isowarmu da Azahar. Riwayar da ta shahara ita ce Fatima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri daga Ƙairawan, ta gina shi a 859 da dukiyar da ta gada, ko da yake masu tarihin da suka rubuta labarin sun zo ne ƙarnuka bayanta. Hasumiyarsa ta 956 ce, Murabiɗai suka faɗaɗa shi a ƙarni na 12, ana kuma cewa yana ɗaukar masallata kimanin 20,000. Karatun da aka yi ta yi a gindin ginshiƙansa ne ya sa ake lissafa shi cikin cibiyoyin ilimi mafi daɗewa a duniya da ba su taɓa tsayawa ba, kuma a 1963 aka shigar da shi tsarin jami'o'in gwamnati. Mun yi alwala a tsakar gida mai shimfiɗar tayil, muka bi jam'i. Bayan an sallame wani dattijo ya zauna yana karatu a kusa da mu, Baffa ya saurara, ya juyo ya ce da ni, "Ka ji, Warshu ce." Mus'hafin da ke hannun mutumin ma irin rubutun allonmu ne, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Mazhabar Malikiyya da wannan ƙira'a da wannan rubutu duk ta arewacin Afirka suka gangaro mana, kuma na ga dattijon ya saki jiki a wurin fiye da ko'ina tun da muka sauka ƙasar.

Abincin rana ba mu ba shi lokaci ba. Mun ƙi babban gidan abincin da ake kai ayarin baƙi, muka ci tajin, wato dahuwarsu ta tukunyar ƙasa, na kaza da zaitun a wani ƙaramin wuri kusa da dandalin Seffarine, inda maƙera ke bugun manyan tukwanen jan ƙarfe a fili, ƙarar guduma ba ta barin a yi hira.

Majemar Chouara ana ganinta ne daga saman shagunan fata da suka kewaye ta, don haka a nan babu makawa sai an bi ta cikin kaya. A ƙofa aka ba mu ganyen na'ana'a mu kara a hanci. A ƙasa ga ramuka na dutse bila adadin, farare a gefe ɗaya inda ake jiƙa fatu a ruwan farar ƙasa da kashin tattabara don gashi ya fita fatar ta yi laushi, masu launi a ɗaya gefen inda ake rini, majema kuma suna ciki har cinya suna tattakawa. Hawan matattakalar ya wahalar da Baffa, amma ya ce sai ya gani, domin ya tashi a kusa da masu wannan sana'a. Ya tambayi ɗan jagoran abin da suke jima da shi a madadin bagaruwa, aka ce ɓawon itatuwa. Sannan ya gaya masa cewa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ta jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetara Sahara da ita zuwa tashoshin arewacin Afirka. Ɗan jagoran ya ce bai taɓa jin haka ba, amma zai riƙa faɗa wa baƙinsa. Mun sayi takalma biyu bayan an yi ciniki mai tsawo, kuma farashin farko da aka faɗa ya ninka wanda aka sallama.

Zawiyar tana unguwar Blida, tafiyar 'yan mintuna daga majemar, kuma tun kafin a kai ake gane an kusa, domin fuskokin da ke lungun sun fara zama irin namu. Ga masu sayar da tasbaha da littattafai da turare, ga 'yan Senegal da Mali cikin manyan riguna, na kuma ji Hausa daga bakin wasu mata da suka zo daga Nijar. Ƙofar an yi mata ado da tayil da sassaƙa, hasumiyarta kuma mai launin kore ce. An haifi Shehu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798 a zamanin Sarki Maulaya Sulaiman, wanda ya karɓe shi hannu biyu, ya rasu a 1815 aka binne shi a nan. Ɗarikarsa ta iso ƙasarmu ta hannun irin su Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga baya kuma ta bunƙasa bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937. Ni ba ɗan ɗarika ba ne, kuma ban shiga da niyyar komai ba face rakiya, amma na ga abin da wurin yake nufi ga mutumin da ya shekara arba'in yana jin sunansa a wazifa. Baffa ya yi nafila, ya yi sallama a kabarin, ya nemi gefe ya zauna da tasbaharsa. Ɗan jagoran ya dubi agogo sau ɗaya, na girgiza masa kai, ya fita ya zauna a shagon wani abokinsa. Mun kai La'asar a wurin. Da ayarin baƙi muka biyo, ko lungun ba za mu gani ba, kuma da mu kaɗai muka zo ba jagora, ina shakkar mu same shi kafin gwiwar dattijon ta gaza.

Wannan zaman ya cinye lokacin wasu wurare. Ba mu shiga makarantar Attarine ba, ba mu tsallaka kogi zuwa ɓangaren Andalusawa ba, masu ginin tukwane ma ba mu je ba, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba tun da mu muka zaɓa. Mun gangara zuwa Rcif muka tarar da direban a inda aka ce, muka sallami ɗan jagoran da ɗan ihsani a kan ladansa, muka kama hanya rana tana fuskarmu. Magariba da Isha a wurin hutawa na bakin hanya muka haɗa su, muka shiga Kasablanka wajen ƙarfe goma na dare, na biya direban cikon kuɗinsa a ƙofar masauki. Kuɗin irin wannan tafiya na mota ne, ba na kai ba, saboda haka mu biyu mun ji nauyinsa sosai, ya ninka na jirgin ƙasa sau da yawa. Iyali mai mutum biyar ko shida da za su cika motar kuwa, in aka raba, abin da zai hau kan kowa ba zai yi nisa da kuɗin jirgi da tasi da ɗan jagora a haɗe ba. Wanda yake Rabat ya fi mu sauƙi, domin daga can tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuma zai samu ƙarin awa biyu a cikin birnin.